Gaɓar da ke Samar wa Kanta Wuta: Lantarkin Matsi a Dashen Ƙugu da Gwiwa da Buƙatar Majinyacin Kudancin Kano

Tsakure

Wannan maƙala tana duba wani reshe na ƙere-ƙeren likitanci da ke neman sanya wa gaɓar ƙarfe, ta ƙugu ko ta gwiwa, na'urar awo wadda za ta riƙa samun wutarta daga nauyin mai tafiya da ita. Matsayin maƙalar shi ne, duk da cewa a ɗakunan gwaji na Amurka da Turai aka reni wannan fasaha, majinyacin karkara irin na Burumburum da Riruwai ya fi na can buƙatarta. Sai dai akwai sharaɗi: a ƙera ta bisa ƙarancin wuta da nisan asibiti, a kuma gwada ta da irin motsin da jikinmu ke yi a masallaci da gona.

Gabatarwa

Tun daga Nuwamba 1962, lokacin da John Charnley ya fara sanya wa majinyata kwanon roba mai tauri da ƙaramin kan ƙarfe a asibitin Wrightington da ke Ingila, aikin sauya ƙugu ya shiga sahun tiyatar da ta fi kowace samun nasara. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna cewa kimanin kashi 58 cikin 100 na ƙugun da aka sauya, da kimanin kashi 82 na gwiwoyi, suna kai shekara 25 ba a sake buɗe su ba. Alƙaluman suna da daɗin ji, amma ya kamata a tambayi jikin su wa aka auna. Sun fito ne daga rajistar ƙasashe masu arziki, inda yawancin masu zuwa a yi musu aikin dattawa ne da guringuntsinsu ya zaizaye da tsufa, suna zaune a kujera, suna bayan gida a zaune, asibiti kuma yana kusa da ƙofarsu. Wanda ke isa Asibitin Ƙashi na Dala, da aka buɗe tun 1959, sau da yawa ba shi ne wannan dattijon ba. A cikin masu zuwa akwai matashi mai amosanin jini wanda kan ƙashin cinyarsa ya mutu saboda toshewar hanyoyin jini, abin da ba baƙo ba ne a ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haifar jarirai kimanin 150,000 da cutar kowace shekara. Akwai kuma wanda ya karye a hatsarin babur ko mota, ya shafe watanni a hannun maɗori, bai zo ba sai da gaɓar ta lalace. Ɗan shekara 25 da aka sa wa ƙarfe yana buƙatar ya yi masa shekara 40 ko fiye, kuma zai yi waɗannan shekarun ne nesa da likitan da ya yi masa aiki.

Yadda matsi ke zama wuta

A 1880 ne 'yan'uwa biyu, Jacques da Pierre Curie, suka gano a Faransa cewa wasu duwatsu masu ƙyalli, idan aka matse su, caji na lantarki yana bayyana a fuskokinsu biyu, idan kuma aka sake su cajin ya juya. Dalili shi ne tsarin ƙwayoyin cikinsu ba daidai yake ta kowane ɓangare ba, don haka matsi yana ture ƙwayoyi masu caji daga mazauninsu. Duk wanda ya taɓa danna laitar kunna gas ya ji ƙas ya ga tartsatsi, ya yi amfani da wannan lantarkin matsi, ba tare da batir ba. Abin yana aiki ta baya ma: a ba dutsen wuta, sai ya motsa, kuma a kan haka na'urar sikanin mai juna biyu take aiki. A shekarun 1950 aka samar da wani tangaran da ake kira PZT, haɗin dalma da zarkoniyom da titaniyom, wanda ya fi duwatsun asali ba da caji nesa ba kusa ba. A 1969 wani masani mai suna Kawai ya gano irin wannan hali a wata roba mai laushi, PVDF. Wani abin sha'awa kuma, Fukada da Yasuda sun nuna a Japan a 1957 cewa busasshen ƙashi shi kansa yana da wannan ɗabi'a, ko da yake har yau masana suna ja-in-ja kan irin rawar da take takawa a ƙashi mai rai.

Abin da ya ja hankalin injiniyoyi zuwa gaɓa shi ne girman nauyin da ke ratsa ta. An daɗe ana son sanin wannan nauyi. Rydell ya auna shi a Suwidin a 1966 da wayoyi da suka fito ta fatar majinyaci, hanyar da ba ta ɗorewa saboda ƙwayoyin cuta. Daga 1988 Georg Bergmann da abokan aikinsa a Balin suka fara dasa ƙugu mai aiko da saƙo ba waya, suka gano cewa a tafiya ta yau da kullum ƙugu yana ɗaukar kusan ninki biyu da rabi na nauyin jiki, sannan a tuntuɓe guda sun ga ya haura ninki takwas. A 2004 Darryl D'Lima ya yi makamancin haka da gwiwa a asibitin Scripps na Kalifoniya, ya samu ninki biyu zuwa uku a tafiya. Ma'ana, mutum mai kilo 70 yana ɗora wa gwiwarsa kusan kilo 175 a kowane taku, kuma yana yin haka sau miliyan ɗaya zuwa biyu a shekara. Waɗannan na'urori na Balin da Scripps duk daga waje ake ba su wuta, da wani zobe da ake ɗaura wa ƙafa a ɗakin gwaji. Da an cire zoben, sun yi shiru.

Daga nan tunanin ya taso: me zai hana nauyin da ake aunawa ya zama shi ne mai ba da wutar awon? A 2005 Platt da Farritor da Haider na Jami'ar Nebraska suka jera tangaran na PZT guda uku a ƙarƙashin farantin gwiwar gwaji, suka matsa su da injin kwaikwayon tafiya, suka samu wuta ta 'yan miliwat kaɗan kafin a tace ta. Almouahed da abokansa a Brest ta Faransa, a wajajen 2011, sun sa guda huɗu a kusurwoyin farantin, ta yadda bambancin cajin da kowanne ke bayarwa zai nuna inda nauyi ya karkata, wato ko jijiyoyin gefen gwiwa sun saki. Safaei da Anton a Tennessee sun gwada binne tangaran ɗin a cikin robar gwiwar kanta. Ƙaramin abu guda ya zama ma'auni kuma ya zama janareto. Dole a faɗi gaskiya cewa duk wannan yana matakin gwaji ne, bai shiga aikin asibiti na kullum ba. Wadda ta shiga kasuwa ita ce Persona IQ ta kamfanonin Zimmer Biomet da Canary Medical, da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a Agusta 2021. Ita da batir take aiki, mai kimanin shekara 10, tana ƙirga taku da saurin tafiya da lanƙwasar gwiwa, tana tura bayanan ta wani akwati da ake jonawa a ɗakin kwana da intanet na gida.

Abin da nisa ke yi wa majinyaci

A nan ne nake ganin hanyar kasuwar Amurka da tamu suka rabu. Na'urar da ke buƙatar soket mai wuta kowane dare da intanet a ɗaki ba ta majinyacin Tudun Wada ko Doguwa ba ce, ko da kuwa madatsar ruwa ta Tiga tana maƙwabtaka da shi a Bebeji. Batir mai shekara 10 kuma zai mutu ne daidai lokacin da ake fara buƙatarsa, domin kwancewar ƙarfe daga ƙashi, wadda tana cikin manyan dalilan sake tiyata, galibi sai bayan shekaru da yawa take bayyana. Robar tana cinyewa a hankali, ɓurɓushinta yana tayar da ƙwayoyin garkuwar jiki, su kuma su sa ƙashin da ke riƙe da ƙarfen ya narke. Wannan yana iya daɗewa yana faruwa ba ciwo. Kafin ciwo ya zo, ko hoton ƙashi ya nuna baƙin layi a gefen simintin da ke riƙe da ƙarfen, an riga an yi asarar ƙashi, aikin gyara ya ninka na farko wahala da tsada. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin magani daga aljihun mutane yake fita, tiyata ta biyu ga iyalin manomi tana nufin sayar da gona ko shanun huɗa, ko kuma a haƙura a koma sanda. Ba za a sauya batirin da ke cikin ƙashin ƙwauri ba tare da an sake yanka ba. Mai girbar wuta daga taku kuwa, muddin mutum yana tafiya, yana da abin da zai ci.

Mutumin Riruwai da aka yi wa aiki a Kano, don ya ga likita sai ya ratsa dajin Falgore, ya wuce Tudun Wada, ya hau babban titi a Kwanar Ɗangora, da ɗan rakiya da kuɗin mota na mutum biyu, wataƙila da kwana. Idan ƙafa ba ta ciwo, kuma ga damina, ba rashin hankali ba ne ya ƙi zuwa. Don haka abin da ya dace da shi na'ura ce mai rowar magana. Ta riƙa tara wuta a kafasita kamar yadda randa ke tarar ɗigon indararo, idan ta taru ta farka ta ɗauki awo ɗaya ko biyu, ta rubuta a ma'adanar da ba ta gogewa idan wuta ta ɗauke, ta koma barci. Lissafin ba shi da wuya. A ɗauka, don misali kawai, kowane taku yana barin kashi ɗaya cikin goma na milijul bayan an cire asara. Taku 5,000 a yini zai ba da rabin jul. Ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki da ke cin maikurowat uku tana barci za ta cinye kimanin rubu'in jul a yini, saura ya ishi awo da rubutu. Abin da ba zai isa ba shi ne aika saƙon rediyo kowace sa'a, kuma babu mai buƙatar hakan. Ya wadatar a ce sau biyu a shekara ma'aikacin lafiya a babban asibitin ƙaramar hukuma ya kara na'urar karatu a gwiwa, ya kwashi bayanan, ya tura wa likitan ƙashi a Kano, shi kuma ya ware wanda zai kira daga wanda zai bari ya ci gaba da nomansa.

Akwai dalili na biyu, kuma a wurina ya fi na farko nauyi ta fuskar ilimi. Ƙa'idar duniya da ake gwada gwiwar ƙarfe da ita kafin a sayar, ISO 14243, tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa take kwaikwaya, da lanƙwasar da ba ta kai digiri 60 ba, ana maimaitawa har sau miliyan biyar. Musulmin da ke salloli biyar yana yin raka'a 17 na farilla a yini, sujada 34, wato sama da 12,000 a shekara ban da nafila, kuma a zaman tahiya gwiwa tana naɗewa har wajen digiri 150, alhali yawancin waɗanda aka sauya wa gwiwa suna tsayawa ne tsakanin 110 da 125. A ƙara da tsugunno a masai, da zaman tabarma, da sunkuyon noma da fartanya, da ɗaukar buhun masara ko shinkafa a kunyoyi marasa daidaito. Likita zai ce a yi sallah a kujera, shari'a ma ta ba da rangwame, amma wanda ya san mutanenmu ya san cewa da yawa da zarar ciwo ya lafa za su koma ƙasa. Alƙaluman da ake ƙera gaɓoɓin duniya a kansu daga 'yan tsirarun majinyata na Jamus da Amurka aka samo su. Muna sanya wa mutanenmu ƙarfen da aka gwada da rayuwar wasu, sannan idan ya kwance da wuri mu rasa ko laifin ƙarfen ne, ko na aikin, ko na motsin.

Abin da masu ja za su ce

Suka ta farko ita ce wadda kowa zai fara kawowa: ana ta kai, wa yake ta kaya? Mutanen da ba su iya biyan kuɗin ƙarfe na talaka ba, ina su ina mai na'ura? Na yarda da rabin wannan magana. Ba na kira ga gwamnati ko hukumar taimakekeniyar lafiya ta Kano da su sayi irin wannan gaɓa ga kowa, kuma idan aka ce a zaɓa tsakaninta da tsaftar ɗakin tiyata ko tanadin jini ga mai amosanin jini, ba sai an yi dogon tunani ba. Sai dai Bergmann da majinyata 'yan ƙalilan ya sauya abin da duniya ta sani game da ƙugu. Abin da ake nema a matakin farko ƙaramin rukuni ne na masu sa kai, bayan gwajin inji ya tabbatar da aminci, kuma abin da aka koya daga gare su zai shafi zaɓin ƙarfe da shawarar da za a ba dubban da ba za su taɓa ɗaukar na'ura ba.

Suka ta biyu ta fi kaifi. Tunda ana iya ba na'ura wuta daga waje lokacin karatu, kamar yadda aka yi a Balin, me ya kawo wahalar girbar wuta? Amsa ita ce zoben waje yana auna mintuna ne a gaban likita, inda majinyaci ke takawa a hankali don ya nuna ya bi umarni. Tuntuɓen da ya ninka nauyi takwas a gona yake faruwa, haka ma tashi daga sujada da asuba kafin gaɓa ta ware. Haɗa hanyoyin biyu ne ya fi: taku ya ciyar da awo da rubutu, na'urar karatu ta ciyar da aika saƙo. A nan ma da sauran aiki, domin ƙarfe yana tare siginar rediyo, shi ya sa ake fitar da eriya ƙarƙashin murfin roba, kuma ƙugu ya fi gwiwa nisa daga fata.

Sai maganar dalma. Fiye da rabin nauyin PZT dalma ce, kuma mutanen Arewa ba sa buƙatar a yi musu bayanin gubarta bayan abin da ya faru a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, inda yara aƙalla 400 suka rasu. Wanda ya ji tsoro bai yi laifi ba. Ana iya rufe tangaran ɗin ruf a cikin kwanson titaniyom da aka liƙe da walda, kamar yadda aka daɗe ana yi wa na'urar daidaita bugun zuciya, sai dai ita wannan ba a taka ta sau miliyan a shekara. Kwanson da zai bar nauyi ya ratsa shi, ya kuma hana ruwan jiki shiga har shekara 30, shi ne mafi wuyar matsalar, kuma ban ga an gama warware ta ba. Akwai tangaran marasa dalma irin su bariyom-titanet, da robar PVDF, amma cajinsu bai kai ba, ita PVDF kuma zafin tukunyar kashe ƙwayoyin cuta, digiri 121 zuwa 134, yana rushe halinta. Ra'ayina shi ne a karɓi ƙarancin wutar, tunda dama na'ura mai rowar magana muke nema, a guje wa dalma. Binne wani abu a cikin robar gwiwa ma yana da hatsarinsa, domin yana rage kaurinta a inda ake son kauri, don haka sanya shi a ƙarƙashin farantin ƙarfe ya fi kwanciyar hankali.

Akwai kuma iyaka ta asali wadda ba dabara ce za ta kawar da ita ba. Lantarkin matsi sauyin nauyi yake ji. Idan mutum ya zauna tahiya bai motsa ba, cajin yana tsiyayewa, awon ya koma sifili ko da nauyi yana nan. Za a iya ciyar da wani ma'aunin na daban da wutar da aka tara don cike wannan giɓi. Abin da ya fi damuna shi ne majinyacin da ya fi buƙatar a sa masa ido shi ne wanda ya daina tafiya: mai amosanin jini da ciwo ya kwantar, ko wanda ƙwayoyin cuta suka shiga gaɓarsa, matsalar da ta fi yawa a wannan rukuni. A lokacin ne wutar ke ƙarewa. Gaskiya ne ranakun da ba a rubuta komai ba su ma labari ne ga likita, kuma tangaran ɗin, da yake yana aiki ta baya, ana iya kaɗa shi daga waje a saurari yadda ƙarfen ke amsawa, tunda kwantaccen ƙarfe amonsa daban ne da wanda ya kama ƙashi. Amma kada a yaudari kowa cewa na'urar za ta gano ruɓa. Wannan aikin gwajin jini ne da idon ma'aikaci.

Daga ƙarshe, awo ba shi da amfani idan babu inda za a zuba shi. Suwidin ta buɗe rajistar gwiwa a 1975, ta ƙugu a 1979, Ingila da Wales suka fara tattara tasu a 2003, kuma rajistar Ostireliya da ta Ingila ce ta fallasa ƙugun ASR na kamfanin DePuy har aka janye shi a Agusta 2010 bayan an sanya wa mutane kimanin 93,000. Rajista ba ta buƙatar tangaran ko eriya, littafi ne da riƙon amana, kuma ita ya kamata ta riga na'ura zuwa: wa aka yi wa aiki, da wane ƙarfe, yaushe, yana ina yanzu. Bayanin da ke nuna sau nawa mutum ya durƙusa a yini sirrinsa ne, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafe shi, kuma dole a nemi yardar majinyaci da Hausar da yake ji, ba da takardar Turanci da zai dangwala wa yatsa ba. Amincewar NAFDAC da kwamitocin ɗa'ar bincike kuwa ba abin tsallakewa ba ne.

Matakin da za a iya ɗauka yanzu ba ya buƙatar yanka kowa. Sassan injiniya na Jami'ar Bayero da Jami'ar Aliko Ɗangote da ke Wudil, tare da likitocin ƙashi na Dala da na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, za su iya fara auna kusurwoyin gaɓa da nauyin taku na lafiyayyun manoma a Kiru da Tudun Wada da na'urorin da ake ɗaurawa a waje, a sallah da tsugunno da huɗa. Da waɗannan alƙaluma sai a gina zagayen gwaji na inji wanda ke cusa sujada 34 a cikin kowane taku dubu biyar, a ɗora shi a kan farantin gwiwa mai tangaran marar dalma, a ga nawa ne wutar da ke fita, da kuma a zagaye na miliyan nawa kwanson zai fara tsagewa.